Aikin girki daga Kano zuwa Jos: takardu, hanya da kasuwar Farin Gada

'Yan'uwa masu sana'ar girkin taro suna yawan tambayata yadda ake karɓar aiki a gari mai nisa, musamman idan masu aikin ƙungiya ce mai ofis da akanta, ba gidan biki ba. Girkin biki a cikin Kano kowa ya san tsarinsa. Uwar amarya ta kira ki, ku yi ciniki, ta tura kuɗi, ki shiga Yankaba da Singa ki yi cefane. Wanda zan ba da labarinsa daban ne. Taron horas da ma'aikatan lafiya ne da aka shirya a Jos cikin watan Janairu, mutum sama da ɗari, ana buƙatar karin kumallo da abincin rana da na dare, ga shayi a tsakani. Yawancin mahalartan daga jihohin arewa maso yamma suka fito, shi ya sa aka nemi mai girki daga Kano. Zan bi abin daki-daki yadda ya faru, domin wadda za ta yi irin wannan tafiya ta san inda za ta sa ƙafa.

Matakin farko ofishin sayayya ne na ƙungiyar. Tun kafin a tambaye ni abin da na iya dafawa, takardu aka fara nema: shaidar rajistar sunan kasuwanci daga hukumar CAC, lambar biyan haraji wadda ake kira TIN, da asusun banki mai ɗauke da sunan kasuwancin, ba sunana ba. Wannan na ƙarshen shi ke kayar da mata da yawa, domin yawancinmu da asusun kanmu muke aiki, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa tura kuɗin kwangila cikin asusun mutum. Bayan haka aka ce in kawo takardar farashi a kan takarda mai kan sunan kasuwancina, tare da jerin abincin kowace rana. Jami'in ya gaya mini cewa sai sun tara farashin masu girki uku sun kwatanta kafin su zaɓa, don haka jiran ya ɗan yi tsawo, kuma ba a kiran mutum a ce masa ga inda ake. Akwai tambaya biyu da ya kamata ki yi a wannan zama na farko. Farashin da za ki rubuta ya haɗa da harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun shekarar 2020, ko a kansa za a ɗora? Sannan nawa za su cire a matsayin harajin da ake yankewa tun daga tushe kafin kuɗi ya iso hannunki? Ki nemi amsar a rubuce cikin yarjejeniya. Ribar mai girki ba ta da kaurin da za ta jure a yanke mata abin da ba ta lissafa ba.

Da aka sanar da ni cewa ni aka zaɓa, sai sharaɗi na gaba ya biyo baya: duk wanda zai taɓa abinci sai ya kawo shaidar gwajin lafiya. Na kwashi yarana muka tafi wani asibitin gwamnati da sassafe. Sai an yanki kati, a je wurin biyan kuɗi, a dawo da rasit, sannan a shiga layin ɗakin gwaji. An ɗauki jini da fitsari da bayan gida, an duba ƙirji, ana neman taifod da ciwon hanta da tarin fuka. Kuɗin 'yan dubbai ne a kan kowane mutum, amma idan kina da ma'aikata kusan goma sai ki ga ya taru, don haka ki sa shi cikin lissafin farashinki tun farko. Ki tafi da ƙananan hotunan kowa, ana liƙa su a takardar. Sakamakon ba ya fitowa ranar, kuma bayan ya fito sai likita ya sa hannu ya buga hatimi, wanda shi ma yini ne guda. Ɗaya daga cikin yarana, wadda ta fi kowa iya tuƙa tuwo, gwajinta ya nuna tana buƙatar magani kafin ta koma bakin tukunya. Ta yi kuka, ni ma raina bai so ba, amma na bar ta a gida na biya mata maganin. Abincin mutum ɗari amana ce.

Aka sa hannu a yarjejeniya a kan cewa za a ba ni rabin kuɗin kafin alƙalami, ciko kuma sai bayan an gama an miƙa rasitai. Kafin alƙalamin ya makale domin sai mutum biyu sun sa hannu, ɗayansu kuma ya yi tafiya. A cikin wannan jiran na shiga kasuwa ina jin farashi. Niyyata irin ta kowace mai girki ce: in sayi komai a kasuwar da na sani, wurin mutanen da na sani, in loda a mota. A Yankaba na tsaya wurin dillalin da na saba da shi, na ce masa ina son kabeji da karas da dankalin turawa da koren wake masu yawa, zan tafi da su Jos. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ai daga can motar nan ta sauke su shekaranjiya. Gida za ki mayar da su?" Shi da zai ci riba a kaina, shi ya hana ni saye. Ya ce in ɗauki abin da Kano ta fi Jos, in bar wa Jos abin da ta fi Kano. Allah ya saka masa da alheri, a kan wannan magana na sake tsara jerin cefanen gaba ɗaya.

Abin da na loda a Kano busassun kaya ne da waɗanda hannuna ya saba da su: shinkafa 'yar gida da aka gyara, wake, man gyaɗa, albasa, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, zoɓo, tsamiya, da kayan ƙamshi daga Kurmi, citta da kanumfari da masoro da kimba. Yajina ni nake dakawa, ba na saye. Sai kayan aiki, manyan tukwane, murhun gas, tukwanen gas, kuloli, madambaci, muciya da ludayi, injin markaɗe ƙarami, faranti da cokula. Na ɗauki shatar mota biyu, bas ta mutane da ƙaramar motar kaya, domin ban yarda a haɗa tukwanen gas da yarana a mota ɗaya ba. A tasha na yi cinikin a gaban shugabannin direbobi, aka rubuta lambar mota da sunan direba, aka ba ni takardar jerin kayan da ke ciki. Ki tabbatar an yi maganar wanda zai biya kuɗin hanya, ke ko direba, tun kafin a tayar da mota. Na kuma riƙe kwafin takardar kwangilar a jakata, ta yi mini amfani fiye da yadda na zata.

Mun tashi bayan sallar asuba. Tafiyar wajen kilomita 300 ce idan aka bi ta Kwanar Dangora, Tudun Wada, dajin Falgore, Saminaka, Jengre, a shiga Jos ta hanyar Zariya. Ba mu yi nisa ba muka yi tsayuwar farko a Kwanar Gafan, bayan an wuce Kura. Watan Janairu kakar tumatir ce a wannan yanki, na noman rani da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa a filayen Kadawa da kewaye, kuma kwanduna ne jere a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa kudu. A nan na sayi tumatir da attaruhu da tattasai, na zaɓi wanda bai gama nuna ba domin ya jure kwanakin aikin. Baba direba ya ce a sa kwandunan a sama, a rufe da ganye, kada a ɗora musu komai. Dajin Falgore da rana ake ratsa shi, direbobin hanyar duk sun san haka, kuma ban ga dalilin da zai sa mai kaya da 'yan mata a mota ta yi gardama ba. Shingaye suna da yawa. Jami'an tsaro suna tambayar ina za a je da tukwanen gas haka, sai in miƙa takardar kwangila su duba su ce a sauka lafiya. Masu karɓar kuɗin shiga na kayan gona su ne suka fi ɓata mana lokaci, a wani wuri sai da na nace a ba ni rasit kafin na biya. A Saminaka, inda masara take kamar ba a so, na sayi wadda za a yi tuwo da ita, aka surfa aka niƙa mana nan take muna sallar azahar. Garin ya fito fari tas, da ƙamshin sabuwar masara.

Mun isa masaukin taron da la'asar. Kafin a sauke ko cokali na nemi a nuna mini inda zan yi girki, inda ake samun ruwa, da ko akwai firiza mai aiki idan an ɗauke wuta. Manajan wurin ya ba ni rumfa a bayan zauren da famfo ɗaya, ruwa kuma sai an kunna inji an cika tanki, don haka muka yi yarjejeniyar lokacin da za a riƙa kunnawa. Daren farko ne ya nuna mana Jos. Garin yana bisa tsauni, tsayinsa daga teku wajen mita 1,200, kuma sanyin hunturunsa ba irin na Kano ba ne, yana shiga har ƙashi. Wannan ya shafi girki kai tsaye. A irin wannan tsayi ruwa yana tafasa tun zafinsa bai kai na ƙasa ba, saboda haka wake da ganda suna daɗewa a wuta, gas ma yana tafiya. Miya kuma da an sauke ta sai mai ya fara daskarewa a sama. Muka koma jiƙa wake tun dare, muna ɗauraye kuloli da tafasasshen ruwa kafin a zuba abinci, ba ma kwashe miya sai an ce mahalarta sun fito. Ruwan shayi kuwa ninki biyu na abin da na saba muke dafawa, kuma ba ya saura.

Masu taron sun haɗa ni da wata dattijuwa 'yar Birom da ke aikin girki a masaukin, muna kiranta Mama. Da ɗan gari akan ci gari. Ita ta ce in shirya da asuba mu tafi Farin Gada, kasuwar kayan lambu da ke kusa da inda hanyar Zariya ta shigo gari, wadda muka wuce jiya ban san ita ba ce. Na sha ganin kayan miya, amma ban taɓa ganin kabeji tsibi-tsibi da raɓa a jikinsa haka ba. Karas da jar ƙasa a jikinsa da ganyensa, latas, kokwamba, koren wake mai ƙaras idan aka karya, koren tattasai, farin kabeji, albasa mai lawashi, har da ganyayen da ban san sunansu ba, waɗanda Mama ta ce masu otal na Abuja da Legas ke aikowa a saya musu. Ta bayyana mini cewa da yawan wannan kaya na rani ne, ana shayar da shi da ruwan rafuka da na kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Ramukan da aka haƙa aka tafi aka bari, yau su ke ba lambu ruwa. Buhun kabejin da na saya bai kai kashi biyu cikin uku na farashin da aka faɗa mini a Yankaba ba, kuma ban yar da ganye ko ɗaya ba. Mama ta hana ni saye a bakin kasuwa, ta ja ni ciki inda manoma ke sauke kaya. Ta kuma hana ni sayen na kwanaki da yawa. "Hajiya, gobe ma akwai," in ji ta. Daga ranar kullum da asuba ake zuwa a sayo na yini.

Dankalin turawa shi ma sai da aka koya mini shi. A Kano dankali dankali ne, babba ko ƙarami. A nan mai sayarwa zai tambaye ki wane iri, Nicola ko Marabel, na Bokkos ne ko na Mangu, sabon haƙa ne ko ya kwana biyu a ɗaki. Jihar Filato ce ke noma mafi yawan dankalin da ake ci a Najeriya, har akwai tashar binciken dankali a Kuru, kuma mutanen wurin sun san shi yadda Bakano ya san shinkafa. Aka nuna mini in murza bawon da babban yatsa, idan ya saluɓe sabo ne, a dafa shi da wuri. Wanda ya yi kore a gefe rana ta taɓa shi, a bar shi. Na sauya karin kumallo saboda wannan. Maimakon burodi da ƙwai kullum, muka riƙa yin faten dankali da hanta, wata rana soyayye da miyar ƙwai da kabeji. Ya fi burodi arha, ya fi riƙe ciki a cikin sanyi.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne acca. Na san ta da suna, na san masu ciwon suga suna nemanta a Kano da tsada, amma ban taɓa dafa ta wa taro ba. Ƙwayarta ƙanana ne ƙwarai, kuma wahalarta duk a wanki take, domin yashi yana ɓuya a cikinta. Mama ta zaunar da yarana da ƙwarya biyu da ruwa, ta nuna musu yadda ake rairaya a hankali daga wannan zuwa waccan har yashin ya kwanta a ƙasa, a zubar, a sake, sai an daina jin ƙaras a haƙori. Ta ce wanda ya yi gaggawa a nan ya ɓata tukunya. Da ita ta dafa mana gwate, wanda ya yi kama da fatenmu amma ya fi shi ruwa da yawan ganye: yakuwa, alayyafo, gauta, kabeji, da ƙashi mai ɓargo da aka daɗe ana dafawa. Ɗan tsamin yakuwa da ɗacin gauta su ne daɗinsa. Na ji tsoron sa shi a jerin abinci domin ba ya cikin abin da aka sa wa hannu, sai na je wurin jami'ar da ke kula da taron na nemi izini, ta amince ta saƙon waya, na adana saƙon. Muka ajiye gwaten a gefen shinkafa a abincin dare. Tukunyarsa ce ta fara ƙarewa. Wani dattijo daga Sakkwato ya zo har rumfa ya ce, "'Yata, wannan faten na wane gari ne?" Na nuna masa Mama na ce ga mai shi nan. Bayan haka muka yi dambun acca da zogale a madambacina, muka yi kunun tamba da safe, wanda shi ma a wurinta na koya.

Nama ban yi wasa da shi ba. Na nemi mahauci Musulmi ta hannun limamin masallacin da ke kusa, na je da kaina na ga dabbar da yankan, aka kawo mana kullum da safe domin firizar wurin ba abin dogaro ba ce. Kindirmo daga matan Fulani muke karɓa, da sharaɗin mu za mu ba su robobinmu masu murfi. A ranar rufe taro na sa sitiroberi a teburin kayan marmari. Ana noma shi a ƙauyen Chaha, wajen Vom, kuma lokacin sanyi ne kakarsa. Da yawa cikin mahalartan sun ɗauka daga waje aka shigo da shi. Ba ya jure ajiya, ranar da aka saye shi ranar ake ci, kuma sai dab da za a ci ake wankewa. Game da zirga-zirga a gari, Jos ta sha fama da rikici kuma mutanenta sun san unguwanninsu. Duk inda za mu je sai na tambayi Mama da direban masaukin, ban bar yarana sun fita su kaɗai ba, kafin magariba kowa ya dawo. A kasuwa kuwa da Hausa ake ciniki, Birom da Ngas da Mwaghavul da Bafulatani da Bahaushe, kuma ban ga komai daga gare su ba sai mutunci.

Inda sayen kayan gida yake da wuya shi ne rasit. Akanta yana son shaidar kowace naira, mai kabeji a Farin Gada kuma ba ta da takarda. Da a babban kanti na yi sayayya da wannan bai taso ba, amma da na biya ninki na kawo wa mutane kayan da suka kwana a hanya. Tun ranar farko na kira akantan na faɗa masa halin da ake ciki, muka daidaita a kan cewa zan yi amfani da littafin rasit nawa: a rubuta kwanan wata, kaya, yawa, kuɗi, sunan mai sayarwa da lambar wayarsa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Inda ake karɓar kuɗi ta waya na tura na ajiye shaidar. Ki tafi da tsabar kuɗi ƙanana duk da haka, manoman da ke sauke kaya da asuba da yawansu tsaba suke so. Ki kuma sa wanda ke kula da taron ya sa hannu kowace rana a kan adadin mutanen da suka ci, domin a kan wannan adadi za a biya ki, ba a kan wanda aka faɗa miki a waya ba. Idan da hali, ki je garin tun kafin ki rubuta farashi, ko ki sami mai girki ta can ki tambaye ta abin da ke kaka a watan. Wanda zai taimake ki a can ki yanka masa haƙƙinsa a fili, a cikin lissafi. Mama ba ta nemi komai ba, amma na biya ta kamar babbar mai girki, domin aikin da ta yi ke nan.

Bayan mun dawo Kano na haɗa takardar neman ciko, rasitai a jere bisa kwanan wata, takardun adadin mutane masu sa hannu, da hoton saƙon da aka amince da sauya abinci. Akantan ya mayar mini da rasit biyu da babu lambar waya a jikinsu, sai da na kira Mama ta je kasuwa ta nemo matan ta karɓo. Cikon ya ɗauki makonni kafin ya shigo, an cire harajin da aka faɗa tun farko, ba a ƙara ko kwabo ba. Na koma ofishin na karɓi takardar shaidar harajin da aka cire, domin ana buƙatarta lokacin da za ki daidaita lissafinki da hukumar haraji, kuma idan ba ki nema ba babu mai kiranki ya ba ki.